Kalma ɗaya ce ta ɓata "The boy who he came"

Assalamu alaikum masu kallo. Ku dubi jumlar da ke kan allo: The boy who he came yesterday is my brother. Kwanakin nan ana ta musu a kanta. Wasu sun ce lafiyarta ƙalau, wasu sun ce akwai kuskure amma sun kasa nuna inda yake. Kuskuren na nan, kalma ɗaya ce tak.

Bari mu bi tushe da sauri. Duk gungun kalmomin da ke da aikau da aikatau, wato mai yin abu da abin da ya yi, Turawa na ce masa clause. Malaman nahawun Hausa kuwa ganga suke cewa, ba ta kiɗa ba fa. She laughed: wannan ganga tsayayya ce, ta cika magana. Because she laughed: kun ji kunnenku na jiran ƙarashe? Wannan dogarau ce, sai ta jingina da wata. Shi ke nan, mu je inda gizo ke saƙar.

Akwai gangar da aikinta bayyana suna, tana farawa da who, which, that ko whose. A Hausa, "da" ke buɗe mana ita. Yaron da ya zo jiya. Ku lura da "ya" ɗin nan da muka yi wa jan layi. A irin wannan jumla, Hausa ba ta yarda aikatau ya tafi shi kaɗai ba, dole "ya" ko "ta" ko "suka" su riƙe masa hannu. To, mai koyo sai ya fassara kalma bayan kalma: "da" ta zama who, "ya" ta zama he. Ga inda aka samo who he came.

Amma who a Turanci aiki biyu take yi lokaci guda. Ita ce mahaɗi, ita ce kuma aikau. Ta riga ta zauna a kujerar he, babu wurin mutum biyu. Ku kalli he ɗin yana gogewa. The boy who came yesterday is my brother. Yanzu ta daidaita.

Ni a ganina wannan ba laifin ɗalibi ba ne, kwakwalwarsa na bin ƙa'idar harshensa ne yadda ya kamata. Abin da ya rage kawai a nuna masa inda harsunan biyu suka raba hanya, kuma a nan ake yawan wuce shi da gudu a aji.

Mu ƙara gaba, don abin bai tsaya kan he ba. Mutumin da na yi magana da shi. A Hausa in ka cire "shi" jumlar ta karye. A Turanci in ka bar him ita ma ta karye. The man who I spoke to, ka tsaya nan. Na san bakinku zai so ƙara him, kunne ma zai ji kamar an bar magana a rataye. Ku daure, haka Turancin yake.

Ga ta uku, ita ce ta fi kama mutane. Matar da mijinta likita ne. Kada ku ce the woman who her husband is a doctor. Who da her sun dunƙule sun zama kalma ɗaya: whose. The woman whose husband is a doctor.

Sauran ƙa'idojin a gurguje: who ta mutane ce, which ta dabbobi da abubuwa, that tana shiga duka biyun, amma ba a sa ta a gangar ƙarin bayani da waƙafi ya raba. In kuma sunan shi ne karɓau, wato abin da aikin ya faɗa wa, kuna iya jefar da mahaɗin gaba ɗaya: the book I bought.

Yanzu ku tsayar da bidiyon, ku gyara wannan da kanku: The house which we live in it is old.

Kun gano? Kalmar it ce za ta fita. The house which we live in is old.