Ɗakin arewa na maigida ne: yadda gidan gargajiya na Beijing ke nuna matsayi

Ku ɗauka kuna kallon wani gida daga sama. Siheyuan ke nan, gidan gargajiya na Beijing: gine-gine huɗu kewaye da tsakar gida. A da, inda mutum yake kwana, shi ke nuna matsayinsa.

Ginin arewa, mai fuskantar kudu, na maigida ne da uwargida, kuma ya fi sauran tsayi da faɗi. Yanayin garin ne ya ba shi wannan daraja. Lokacin hunturu rana kan karkata kudu, haskenta ya kutsa har ƙuryar ɗaki, iskar sanyi daga arewa maso yamma kuwa ta tarar da bangon baya mai kauri. Jerin ɗakunan kudu da rana ke ba wa baya, na barori ne da baƙi. 'Yan mata suna can bayan ginin maigida.

Gabas ta fi yamma daraja, domin ita ce hagun mai kallon kudu, kuma a al'adar hagu ke gaba. Don haka babban ɗa ke zama a gabas, ƙanensa a yamma. Amma fa girma ne kawai ya samu, domin ranar la'asar da iskar hunturu duk ɗakinsa suke bugu.

Ƙofar gida tana kusurwar kudu maso gabas, da bango a gaban mai shigowa yana tare ido, irin aikin da zaure ke yi. Idan gida ya faɗo kudancin lungu, magini ya gamu da aiki: ko ya buɗe ƙofa a arewa maso yamma, ko ya ja siririyar hanya ta zagayo da mai shigowa kudu.

Haka tsarin yake a fadar sarakuna, wato Haramtaccen Birni, da aka kammala a 1420. A zamanin sarakunan, sarki na zama yana kallon kudu, jami'an mulki a gabas, hafsoshin soja a yamma. Mashigar tsakiya ta Ƙofar Wumen, babbar ƙofar kudu ta fadar, tasa ce. Uwargidan sarki sau ɗaya take shiga ta nan, ranar aurenta.

Faɗin gini ma da doka, ana ƙirga shi da tazarar da ke tsakanin ginshiƙai. A zamanin daular Ming, ginin talaka ba ya wuce tazara 3. Zauren Taihe na fadar, inda a da ake naɗa sarki, yana da 11.