Sharhi: Black Swan, kamfanin faifai da bai wuce shekara uku ba

Masu sauraro, barkanmu da war haka. Sharhin yau naku ne, matasan Gombe masu situdiyon waƙa daga Jekadafari har Pantami, ko da yake labarin daga Amurka ya fito.

A shekarar 1921 wani baƙar fata mai suna Harry Pace ya kafa kamfanin faifan garmaho a unguwar Harlem ta birnin New York, ya raɗa masa suna Black Swan. A zamanin ba a ɗaukar waƙa da makirufo. Mawaƙi da makaɗa kan tsaya gaban wani ƙaton mazurari, sautinsu ya girgiza allura, allurar ta tsaga layi a kan faifan kaki, irin kakin zuma. Daga shi ake ƙera uwar faifai ta ƙarfe, a buga dubbai. Kowane gefe kusan minti uku yake ɗauka, kuma wanda ya yi kuskure a baitin ƙarshe sai a sake da sabon kaki.

Da farko Pace ba shi da injin buga faifai, sai an kai aikinsa jihar Wisconsin. Da waƙoƙin mawaƙiyarsa Ethel Waters suka karɓu, kuɗi ya shigo, a 1922 ya sayi masana'antar buga faifai ta Olympic. To, nan gizo ke saƙar. Ma'aikata sai an biya su, a yi ciniki ko kada a yi. Har ta kai kamfanin na fitar da waƙoƙin fararen fata da sunayen bogi, alhali tallarsa na cewa mawaƙansa baƙar fata ne. Ga rediyo ta fara bazuwa, ana jin waƙa kyauta. Manyan kamfanonin faifai irin su Columbia da Okeh da Paramount kuma suka hango kasuwar, suka ja mawaƙa da kuɗin da Pace ba zai iya biya ba. Ƙarshen 1923 jarinsa ya karye, a 1924 Paramount ta karɓi faifayensa.

Abin da ke faruwa a nan gida ke nan. Ka kwana kana haɗa sauti da man janaretonka, kafin ka sayar da kwafi ɗaya waƙar ta isa hannun masu turawa a memori a bakin kasuwa. Yaron da ka ɗora a hanya ya yi suna, ya tafi Kano, ba takarda tsakaninku. Kafin ya shiga ɗaki ku rubuta a gaban shaidu: wa ke da uwar waƙar, kaso nawa kowa zai ɗauka, shekara nawa za a yi tare. Manyan kayan sauti kuwa, kada cinikin waƙa ɗaya ya sa ka ciyo bashinsu.