Yadda wakar Jamusanci mai sanyi ta ci Eurovision a 1966

To jama'a barkanmu da warhaka, yau Turai za mu leka, gasar wakokin nan da ake kira Eurovision wadda aka fara tun 1956, kowace kasa ta turo wakarta a fafata a fili sannan a bi da maki. An yi gasar sau goma cur, wakar Jamusanci ko daya ba ta taba zuwa ta daya ba, galibi wakokin Faransanci ne ke ta kwashe kambun.

Sai ga wani bawan Allah Udo Jürgens, dan Ostiriya, an haife shi a Klagenfurt a 1934. Kar ku rude fa, Ostiriya daban Jamus daban, harshen ne dai daya. Mutumin nan akwai naci wallahi, ya je a 1964 ya zo na shida, ya koma a 1965 ya zo na hudu, wani da tuni ya ce a kai kasuwa amma shi ina, 1966 ya sake daura damara ya nufi Luxembourg, ranar 5 ga Maris, kasashe 18 suka hallara.

Wakar sunanta Merci, Chérie, sunan ne kawai na Faransanci amma baitocin Jamusanci ne, don a shekarar ne ma aka kafa dokar kowa ya rera da harshen kasarsa saboda a 1965 Suwidin ta yi tata da Turanci. Waka ce ta rabuwa, saurayi zai tafi, maimakon gori ko tonon silili sai yake gode wa budurwar kan zaman da suka yi yana rarrashinta kar ta damu. Ba rawa ba tsalle, ya zauna gaban fiyano kawai ya fara a hankali kamar mai rada, muryar na hawa kadan kadan har ta cika dakin. A ganina nan ne dabarar take, alkalin da ba ya jin Jamusanci ma ya gane ban kwana ake yi. Maki 31 ya samu, Suwidin da ke biye 16, kusan ninki kenan, shi ya sa a 1967 aka kai gasar Vienna babban birnin Ostiriya, don a al'ada kasar da ta ci ce ke karbar bakuncin ta gaba.

Bayan shi sau daya tak Jamusanci ya sake ci, 1982 a Harrogate ta Ingila, Nicole 'yar Jamus mai shekara 17 da farar jitarta, ita ma waka ce mai sanyi ta neman zaman lafiya. Da aka cire dokar harshe a 1999 kuwa sai kusan kowa ya ruga Turanci, Jamus ta ci a 2010 da Turanci, Ostiriya ma da ta sake ci a 2014 da 2025 duk da Turanci ne. Ku gaya min a kasa, da ku ne masu shirya gasar za ku dawo da dokar nan ko a bar kowa ya rera da abin da ya ga dama?