Yadda Ake Ba Mutum Tambarin Kansa a Ingila

Jama'a, duk mun san tambarin Nijeriya: baƙar garkuwa, fararen dawakai biyu, jar mikiya a sama. To a Ingila, mutum ɗaya ma yana iya mallakar irinsa, amma fa ba shi zai zana wa kansa ba.

Akwai hukuma a birnin Landan mai suna College of Arms, wadda Sarki Richard na Uku ya ba izinin aiki tun 1484. Jami'anta goma sha uku ne, manyansu uku, kuma su ukun nan ne ke bayar da tambari da sunan sarki. Mai nema zai rubuta takardar koke zuwa ga mai kula da hukumar, wato Earl Marshal, muƙamin da ke hannun Duke na Norfolk ta gado. Ana duba ko mutumin ya taka wani matsayi: digiri, muƙami a soja, ko hidimar jama'a. Kuɗin kuma ba na wasa ba ne, dubban fam ne.

In an amince, sai a zauna zane. Nan ake tona tarihin mutum. Ku dubi na Michael Middleton, mahaifin Catherine, wanda aka ba shi a 2011 gab da auren 'yarsa da Yarima William. Ƙwallayen itacen oak uku, ɗaya ga kowane cikin 'ya'yansa uku. A tsakiya ga wani zane ruwan zinariya, saboda sunan gidan su matarsa Goldsmith, wato maƙerin zinariya. Kun ga har surukai sun samu shiga!

Launi ma da dokarsa. Ruwan zinariya da fari ana ɗaukarsu ƙarfe, sauran kuma launi. Ba a ɗora launi a kan launi, kamar ja a kan shuɗi, don a iya gane garkuwa daga nesa. Sannan a binciki tsofaffin kundaye, kada a maimaita na wani.

Daga ƙarshe a rubuta takardar da hannu a kan fatar maraƙi, a zana tambarin, a rataya hatimai. Abin da ya fi nauyi shi ne bayanin da aka rubuta, domin kowane mai zane yana iya fitar da shi da salonsa. Tambarin na mutumin ne da zuriyarsa, don haka mai sayar maka da "tambarin danginku" a intanet don sunanku ya zo ɗaya, ya dai ci kuɗinka.