Jawabin Maraba ga Babban Baƙonmu, Ɗan Wasa kuma Daraktan Fim, Dandamali da Opera

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma babban baƙonmu, shugaban wannan zama, 'yan uwana malamai, manyan baƙi da suka amsa gayyatarmu, ɗalibanmu maza da mata, ina yi muku barka da zuwa.

Ranka ya daɗe, a madadin malamai da ɗaliban wannan sashe na nazarin wasan kwaikwayo, ina yi maka lale marhabin, ina kuma gode maka da ka ajiye ayyukan da ke gabanka ka taso takanas domin ka zauna da mu. Mun san lokacin mutum irinka ba a hannunsa yake shi kaɗai ba, tunda manyan gidajen opera, wato wasan kwaikwayon da ake rerawa da waƙa, sukan ƙulla yarjejeniya da darakta da mawaƙa shekaru kafin ranar da za a ɗaga labule, saboda haka kwanakin nan da ka yanko mana ba mu ɗauke su ƙaramar kyauta ba.

An saba a jawabi irin wannan a jero lambobin yabo da sunayen ayyukan baƙo ɗaya bayan ɗaya. Waɗannan suna cikin takardar da aka raba wa kowa a bakin ƙofa, kuma na san kai ma ka gaji da jin ana karanto maka su. Abin da nake so in tsaya a kai, musamman saboda ɗalibanmu, shi ne hanyar da ka biyo. Ka fara ne a matsayin ɗan wasa a kan dandamali, kana fitowa a ƙananan matsayi irin waɗanda mai kallo ba ya tuna sunan wanda ya fito a cikinsu, daga nan ka shiga fim, sannan ka koma kujerar mai ba da umarni, har aikin ya kai ka gidan opera, inda ake rera labarin da waƙa, makaɗa suna rakiya tun daga farko har ƙarshe. Hausawa suna cewa taura biyu ba ta taunuwa, ga shi kuwa kai uku ka haɗa. A ganina, abin da ya sa suka taunu shi ne ka ɗanɗani wahalar ɗan wasa da jikinka kafin ka fara gaya wa wani inda zai tsaya.

Tarihin sana'ar ma haka ya nuna. Aikin darakta a matsayin sana'a mai zaman kanta bai daɗe ba idan aka gwada shi da shekarun wasan kwaikwayo. A tsohuwar Girka marubucin wasa shi ne yake horar da 'yan amshinsa, wani lokaci ya fito a wasan da kansa, kuma sunan da ake kiransa da shi a kan wannan aiki ma'anarsa malami. Molière na Faransa marubuci ne, ɗan wasa ne, shi ne kuma shugaban ƙungiyarsa. Ciwon ajali ya taso masa yana tsakiyar wasa a watan Fabrairu na 1673, ya daure ya kai ƙarshe, ya rasu a daren. Sai a ƙarshen ƙarni na 19 aka fara ganin mutum guda wanda aikinsa shi ne ya zauna daga waje ya haɗa haske da sutura da motsin jama'a su zama abu ɗaya, kamar yadda ƙungiyar basarake Georg na Biyu na Saxe-Meiningen a Jamus ta nuna wa Turai a yawon da ta yi daga 1874 zuwa 1890. Konstantin Stanislavski na Rasha ya kalli wasannin wannan ƙungiya a Mosko, kuma a 1898 shi da Vladimir Nemirovich-Danchenko suka kafa nasu gidan wasan. Stanislavski shi ma ɗan wasa ne, bai daina fitowa ba sai da ciwon zuciya ya kama shi a kan dandamali a 1928. Tun 1918 kuwa ya soma horar da mawaƙan opera a ƙarƙashin gidan opera na Bolshoi da ke Mosko, domin ya ƙi yarda cewa kyakkyawar murya ta ɗauke wa mai ita nauyin yin wasa.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bayan labule yana jiran lokacin fitowarsa, miyau ya ƙafe masa, kalmomin farko da ya haddace suka gudu daga kansa, to idan ya zama darakta ba zai yi wa 'yan wasansa magana kamar wanda bai taɓa shiga wannan hali ba. Na sha ganin bambancin a ɗakin bita. Darakta wanda bai taɓa wasa ba zai ce wa yarinya ta ƙara nuna baƙin ciki, sai ta ɓata fuska ta matso hawaye, abin ya fito kamar kayan aro. Wanda ya taɓa wasa kuwa zai ce mata ta ci gaba da ninke tufafin da ke gabanta, kada ta ɗaga kai ta dubi mutumin sai ta ji ya taɓa ƙofa. Daga nan baƙin cikin zai zo da kansa, domin an ba hannunta abin yi, an ba idonta abin da zai guje wa. Waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashinka, ranka ya daɗe, da irin wannan umarni na biyu suka shaide ka.

Sai dai kowane ɗaya daga cikin gidajen nan uku da nasa ma'aunin. A kan dandamali ɗan wasa yana ɗaukar labarin daga farko zuwa ƙarshe a zama ɗaya, babu tsayawa babu sakewa, kuma dole muryarsa da motsinsa su kai ga mutumin da ke kujerar ƙarshe. Mai kallo yana da 'yancin duban inda ya ga dama, don haka darakta sai ya yi dabara da haske da tsayuwar mutane kafin ya ja ido zuwa inda yake so. Ranar da aka buɗe wasa kuma ikonsa ya ƙare. Yana zaune a cikin duhu kamar kowa, ko da ya ga ana ɓata abin da ya yi makonni yana ginawa ba shi da bakin magana sai an tashi.

A fim lamarin ya juya. Kyamara tana matsowa har ta ga ƙiftawar ido, saboda haka motsin da ya yi daidai a dandamali yakan zama ihu a majigi. Ba a ɗaukar labarin a jere: ɗan wasa yana iya yin fitowar rabuwa da safe, ya yi ta haɗuwar farko bayan mako biyu, yana kallon alamar da aka manna a gefen kyamara a maimakon fuskar abokin wasansa. Darakta ne kaɗai ke riƙe da zaren duka, kuma a ɗakin tace hoto yake da ikon da bai taɓa samu ba a dandamali, domin can ne yake yanke abin da ido zai gani da tsawon lokacin da zai gan shi. Laurence Olivier na Ingila, wanda ya ba da umarni kuma ya fito a fim ɗin Hamlet na 1948, wanda aka ɗauko daga wasan Shakespeare, ya gane wannan sarai. Ya datse wasan da kan kai awa huɗu ya mayar da shi kimanin awa biyu da rabi, ya kuma bar wasu maganganun zuci su fito a murya kawai alhali leɓensa a rufe, abin da dandamali ba zai ba shi dama ba. Fim ɗin ya ci kyautar Oscar ta gwarzon fim, shi kuma ya ci ta gwarzon ɗan wasa.

Zan ɗan daɗe a kan opera, domin da yawa daga cikin ɗalibanmu a bidiyo kawai suka san ta, kuma a ganina ita ce mafi wuyar sha'ani ga darakta. An haife ta a Italiya wajen shekara ta 1600, aka buɗe gidanta na farko da kowa zai iya biya ya shiga a Venis a 1637. Wahalarta ta farko ita ce lokaci ba na darakta ba ne. A wasan baka yana iya cewa a yi shiru na daƙiƙa goma, ko a gaggauta magana. A opera wanda ya tsara kiɗan ya riga ya rubuta tsawon kowane numfashi, jagoran makaɗa kuma yana tsaye da sandarsa a ramin da ke gaban dandamali, shi ke riƙe da saurin tafiya. Idan waƙa ta maimaita jimla ɗaya sau shida cikin minti biyar, darakta ba zai yanke ta ba, sai dai ya nemo dalilin da zai sa mutum ya faɗi abu ɗaya sau shida, ya kuma sa kowace faɗa ta bambanta da wadda ta gabace ta.

Wahala ta biyu jikin mawaƙi ne. A al'adar opera ba a amfani da makirufo, mawaƙiya da ƙirjinta take tura murya ta tsallake makaɗa sittin ko fiye, ta cika zaure kamar na Metropolitan a birnin New York mai kujeru kimanin 3,800. Darakta yana iya so ta kwanta a ƙasa tana mutuwa, amma dole ya tambayi kansa ko haƙarƙarinta zai buɗe a wannan kwanciya, ko idonta zai iya hango sandar jagoran makaɗa, ko kuma gudun da ya sa ta yi minti ɗaya kafin nan bai cinye numfashin da take bukata don kai muryar sama ba. Ga kuma 'yan amshi, mutum hamsin ko sittin da za a hana su tsayawa a jere kamar masu jiran ɗaukar hoto, a ba kowannensu abin yi ba tare da an wargaza daidaiton muryoyinsu ba. Ƙari a kan haka, sau da yawa ana rera waƙar da Italiyanci ko Jamusanci ko Faransanci, yaren da mafi yawan 'yan kallo ba sa ji, wani lokaci har da wasu daga cikin mawaƙan. A nan ne nake ganin ribar wanda ya taɓa wasa take fitowa fili, domin ya san numfashi, ya san tsoro, ya san abin da jiki zai iya da wanda ba zai iya ba.

Waɗanda suka riga ka bin wannan hanya ba su da yawa. Luchino Visconti na Italiya, wanda duniya ta fi sani da fim, ya shirya opera biyar tare da shahararriyar mawaƙiya Maria Callas a gidan La Scala na Milan tsakanin 1954 da 1957, kuma aikin da suka yi tare ya sauya abin da 'yan kallo suke tsammani daga mawaƙiya a fannin wasa. Wanda tafiyarsa ta fi kama da taka shi ne Patrice Chéreau na Faransa, ɗan wasa kuma darakta a gidajen uku. Yana da shekara 31 ya shirya jerin opera huɗu na Richard Wagner, mai tsara kiɗa ɗan Jamus, a garin Bayreuth a 1976, shekarar cika ɗari da fara nuna jerin a can, Pierre Boulez yana jagorantar makaɗa. Ya ɗauko labarin alloli da dodanni ya dasa shi a zamanin bunƙasar masana'antu, ya mayar da kogin da labarin ya fara a cikinsa madatsar ruwa ta samar da lantarki. A shekarar farko 'yan kallo suka yi masa ihun ƙi, da aka zo nunin ƙarshe a 1980 kuwa sai da aka daɗe ƙwarai ana tafi, aikin kuma shi ne dai bai canja asalinsa ba.

Ba zan ɓoye ba, akwai masu ƙorafin cewa daraktocin zamani sukan wuce gona da iri, su ɗora wa tsohon aiki ra'ayin da mai shi bai taɓa nufa ba, kuma wani lokaci suna da gaskiya. Na taɓa kallon wani shiri a bidiyo wanda sai da na rufe ido sannan na ji daɗin waƙar, saboda abin da ake yi a dandamali yana faɗa da abin da kiɗa yake faɗi. Ma'aunina a nan mai sauƙi ne: idan sabon tsarin ya sa na ji kiɗan fiye da yadda na saba jin sa, darakta ya yi aikinsa, idan kuwa ya janye kunnena daga gare shi to kansa ya yi wa hidima. Ina fatan za ka gaya mana naka ma'aunin, ko da ya saɓa wa nawa.

Ranka ya daɗe, muna da roƙo guda biyu. Na farko, ba mu shirya maka gamammen wasa don ka yaba ba. 'Yan ajin ƙarshe suna tsakiyar bita, akwai fitowa ɗaya da ta ƙi zama tun makon jiya, kuma muna so ka shiga ɗakin ka same su a haka, ka tsayar da su duk inda ka ga dama, mu kuma malamai mu zauna a baya mu ga yadda kake yi. Na biyu, idan ka tashi yi musu magana, ka taɓo shekarun da takardar nan ba ta ambata ba: gwaje-gwajen da ka je aka ce za a neme ka ba a neme ka ba, watannin zaman jiran aiki, shirin da ka yi 'yan kallo suka watse kafin a tashi, da ranar farko da ka tsaya gaban mawaƙan da suka fi ka sanin kiɗa kana neman su yarda da kai. Yawancin yaran nan za su ci karo da irin waɗannan ranaku kafin su ga na yabo, kuma daga bakinka za su fi ɗauka fiye da daga namu.

Muna roƙon Allah ya sa ka ji daɗin zama da mu, ya mayar da kai gida lafiya, ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Shugaban zama, da izininka, ina gayyatar babban baƙonmu ya taso ya yi mana jawabi.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.