Farautar Kuskure a Wurin Mai Rabon Memori na Kenel

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa ɗalibai da malamai, yau za mu duba mai rabon memori (ma'ajiyar bayanan da kwamfuta ke aiki da su) a kenel ɗin Linux, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, da yadda ake kamo kurakuran da ke fitowa ta wurinsa.

Rabon hawa biyu ne. A ƙasa akwai mai rabon shafuka, kowane shafi bayit 4096 a kwamfutocin x86. A sama akwai mai yanka shafukan gunduwa-gunduwa ga duk wanda ya kira kmalloc, wato umarnin neman memori a cikin kenel. Jeff Bonwick ne ya fito da wannan dabara a 1994 don Solaris, wata manhajar tafiyar da kwamfuta irin Linux. A Linux kuwa, cikin masu yankan nan, SLUB na Christoph Lameter da ya shigo a 2007 shi kaɗai ya rage tun da aka cire tsohon SLAB a 2024.

To, ku saurara da kyau, nan gizo ke saƙa. Idan ka mayar wa SLUB da gunduwa ta hanyar kfree, umarnin sakin memori, a cikin gunduwar kanta yake ajiye adireshin ta gaba da ke jiran mai nema. Sai wani direban na'ura, wato manhajar da ke sarrafa wani sashen kwamfuta, ya saki gunduwa amma bai yar da adireshinta ba, can ya dawo ya yi rubutu a ciki. Shiru kake ji. Bayan minti goma, ko kwana biyu, wani sashe da bai san hawa ba bai san sauka ba ya nemi memori, SLUB ya bi gurɓataccen adireshi, kwamfuta ta tsaya cik. Rahoton zai nuna mai rabo, alhali galibi mai laifin ya daɗe da wucewa.

Don haka aikinka ka sa faɗuwar ta zo a lokacin da ake ɓarnar. Ka kunna slub_debug, zaɓin bincike na SLUB: duk gunduwar da aka saki za a cika ta da lambar 0x6b. Ranar da ka ga 6b6b6b6b a rahoto, kada ka yi shakka, an taɓa abin da aka riga aka mayar.

KASAN, wani mai gadin memori da ya shigo kenel a sigar 4.0 a 2015, ya fi kaifi. Yana ware bayit ɗaya ya tsare kowane bayit 8, yana duba karatu da rubutu kafin su auku, sannan ya nuna maka wuri uku: inda aka taɓa, inda aka karɓa, da inda aka saki. Sai dai yana da nauyi, na ɗakin gwaji ne. Injinan da ke bakin aiki KFENCE, mai gadi mara nauyi, ya dace da su, tun 2021, domin 'yan gunduwoyi kaɗan yake tsinta ya sa wa ido.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne mai gyaran da zai ƙara layi ɗaya a inda kwamfutar ta tsaya ya ce ya gama. A'a. Ka koma wuraren nan uku ka tambaya: wa ke da gunduwar nan, wa ya sake ta alhali wani yana riƙe da ita? Sau da yawa za ka tarar ayyuka biyu ne suka yi tsere a kanta, kuma gyaran makulli ne da aka manta, wato abin da ke hana ayyuka biyu taɓa ta lokaci guda, ko ƙidayar masu riƙo da aka rage kafin lokaci.