Malamin Lantarki da Batun Awo

Assalamu alaikum. Malamai da ɗalibai, barkanmu da warhaka. An ce in yi magana a kan mai son zama malamin jami'a a fannin injiniyancin na'urorin lantarki, ya koyar kuma ya yi bincike. Matakan sanannu ne, ba zan daɗe a kansu ba: digiri na farko, na biyu, sai digirin digirgir da yakan ci shekara 3 zuwa 5. Ƙarin girma kuwa yana bin takardun da ka buga, da ɗaliban da ka yaye, da tallafin binciken da ka jawo wa sashenka.

Inda nake so mu zauna shi ne awo, domin a nan ake bambanta wanda ya san aikin da wanda ya haddace shi.

Tun 1973 aka fitar da SPICE, manhajar gwada da'irar lantarki a kwamfuta, a Jami'ar Kalifoniya da ke Bakli, kuma yau ɗalibi zai sauke irinta mai suna LTspice kyauta, ya zana da'ira, ya ga sakamako tsaf. Madalla. Amma kwamfuta abin da ka faɗa mata kawai ta sani. Ɗauki tsohuwar ƙwayar lantarkin nan 741, mai ƙara ƙarfin sigina, da ake fara koyarwa da ita. Ɗalibi ya lissafa risisto biyu don ya ninka sigina sau 100, ya haɗa, ya ba ta sigina mai kilohaz 20, wato mai kaɗawa sau dubu 20 a sakan, sai ya ga ninkin ya faɗi ƙasa da rabi. Ba lalacewa ta yi ba. Ninki sau yawan kaɗawar sigina a wannan ƙwaya bai wuce kusan megahaz 1 ba, saboda haka a ninki 100 iyakarta kusan kilohaz 10 ne. Akwai kuma ta biyu: fitarta ba ta iya hawa fiye da rabin bolt a mikrosakan guda. In ka nemi igiya mai tsayin bolt 10 a kilohaz 20, kana buƙatar kusan bolt 1.26 a mikrosakan, sai igiyar ta koma mai kusurwa kamar haƙorin zarto. Duk wannan yana rubuce a takardar bayanin ƙwayar. Malamin kirki ba zai faɗa musu amsar ba, takardar zai miƙa musu su nemo.

A ɗakin gwaji, kurakuran kusan iri ɗaya ne kowace shekara. Wani zai bar mitar awon wuta a kan awon karant ya ɗora ta kai tsaye a bakin wuta, fis ya tafi. Wani zai manne ƙaramin maƙalin osiloskop, na'urar da ke nuna surar sigina, a inda ba ƙasa ba ne, wato ba wurin bolt sifili ba, alhali maƙalin a haɗe yake da ƙasar soket, sai tartsatsi. A saba musu da duba sandar awo ta osiloskop, ko tana kan sau 1 ko sau 10, su kuma daidaita ta da igiyar kilohaz 1 da ke gaban na'urar kafin su auna komai. Kafasito mai nanofarad 100 kuma a liƙa shi dab da ƙafar wutar kowace ƙwaya, ba can nesa ba, in ba haka ba da'irar za ta riƙa rawa ka rasa dalili. Allon gwaji mai ramuka shi ma yana da 'yan fikofarad tsakanin layukansa. Da zarar aiki ya haura megahaz da dama, a bar shi, a zana allo na gaske da manhajar KiCad.

Wasu malamai suna ganin ɗakin gwajin 'yan digirin farko ɓata lokaci ne, sai su sakar wa ma'aikatan fasaha su tafi rubutu. A ganina asara ce. Daga wannan bencin za ka gane yaron da zai iya digirgir a hannunka. Su kuma ma'aikatan, ka girmama su, sun fi ka sanin wace na'ura ce ke ƙarya.

To sai bugawa. Manyan mujallun fannin na IEEE ne, ƙungiyar injiniyoyin lantarki, wadda aka kafa a 1963. Masu tantancewa a ɓangaren ƙirar da'ira abin da suke fara nema shi ne: an ƙera, an auna? Suna son teburin da ya jera aikinka da na wasu, wutar da ya ci, faɗin da ya mamaye, hayaniyar da ke cikinsa. Ka faɗi na'urar da ka auna da ita, da zafin da aka yi awon, da yawan samfurin. Samfuri ɗaya tilo ba ya gamsar da kowa.

Mai ƙirar ƙwaya kuma ya lura da kalanda. Jami'o'i kan haɗa ƙirarsu a faranti ɗaya na silikon su raba kuɗin, ta hanyar shirye-shirye irin Europractice, kuma tun 2020 akwai buɗaɗɗun ƙa'idojin ƙira na kamfanin ƙera ƙwaya SkyWater mai nanomita 130. Sai dai daga turawa zuwa dawowar ƙwaya watanni ne. Waya ɗaya ta kuskure, zagaye guda ya tafi. Don haka ɗalibin digirgir ya tura ƙirarsa ta farko tun a shekara ta biyu, ya sa wuraren taɓawa na gwaji a ciki, kuma ya gama allon da zai auna ta a kai kafin ta iso.